Darasin Ɗalibai Mata: Haila Da Abin Da Ke Cikin Kwano

 

Ya ku ɗalibai mata da iyayenmu na gida, babin haila ba baƙo ba ne gare ku. Duk wadda ta karanta Ahalari ta san cewa a mazhabar Malikiyya iyakar haila ga wadda ta fara kwana 15 ne, wadda ta saba kuma takan ƙara kwana 3 a kan al'adarta muddin ba ta haura 15 ba. Abin da ya wuce haka istihala ce. Wannan hukuncin salla da azumi ke nan. Amma fa bai nuna a zuba wa yarinya ido tana zubar da jini ba. A wajen likitoci, jinin da ya wuce kwana 7, ko wanda ke jiƙa ƙunzugu duk awa ɗaya ko biyu, na asibiti ne.

Abin da ke juya wannan al'amari wasu sinadarai ne da Allah Ya sanya cikin jiki, ana ce musu homon. Ƙwaƙwalwa ke aika saƙo zuwa ga ƙwan mace, shi kuma ya saki nasa sinadaran, su yi shimfiɗa cikin mahaifa. In ba a sami ciki ba sai shimfiɗar ta sauko, ita ce haila. Galibi tana dawowa tsakanin kwana 21 zuwa 35, ko da yake a shekarun farko takan rikice. Yunwa da rama mai tsanani suna iya tsayar da ita, ƙiba mai yawa kuma ta birkita ta.

To, jinin da ke fita duk wata da me za a mayar da shi? Da sinadarin ƙarfe, wanda ake kira ayon. Baligar mace mai haila tana buƙatar kamar miligiram 18 a rana, namiji kuwa 8 sun ishe shi. Ku duba wannan, sa'an nan ku duba yadda ake rabon nama a gidajenmu: tsoka ta maigida, saura na samari, yarinya sai romo. Wallahi an juya lissafin. Ita ce za ka gani tana hamma a aji, jiri na ɗibarta, hadda ta ƙi zama, cikin idonta ya yi fari, har a ce mata raguwa. Wata ma sai ta riƙa kwaɗayin farar ƙasa ko ƙanƙara, alhali ƙarancin jini ne ke damunta.

Hanta da nama da kifi su ne kan gaba, domin jiki ya fi saurin karɓar ayon ɗinsu. Wanda ba shi da hali, akwai wake, da zogale, da alayyafo, da riɗi, da daddawa, da gero. Sai dai na tsirrai yana son mataimaki: a matsa lemun tsami a kwaɗon zogale, ko a bi ɗanwake da gwaba ko lemun zaƙi. Shayi kuwa kishiya ne, yana hana ayon shiga jiki. A bari sai bayan awa guda da cin abinci, musamman lokacin buɗa baki, inda kofin shayi ke riga komai zuwa.

Akwai kuma wata halitta a maƙogwaro da ke sarrafa nata homon, ba ta aiki sai da aidin. In ta rasa shi ta kumbura, shi ne maƙoƙo, kuma lalacewar aikinta na taɓa haila. Tun 1993 Nijeriya ta wajabta sa aidin cikin gishirin ci. Uwa ta sayi na leda mai shaida, ta adana shi a rufe, nesa da rana da laima.

Lemun kwalba da alawa a rage su. A yi barci da wuri, a motsa jiki, ko da daka ce ko tafiya makaranta da ƙafa. Yarinyar da hailarta ke tsallake wata 3, ga ƙuraje, ga gashi a haɓa, a kai ta ga likita, kada a ɗura mata jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke ciki ba.

Aikin gida: kowace ɗaliba ta ware shafin ƙarshe na littafinta, ta riƙa rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ta ga tsarki. Da shi za ta lissafa ramuwar azuminta, shi kuma za ta nuna wa likita in ya tambaya.