Ɓarɓashin Ƙashi a Dasashi Bayan Cire Haƙori

Jama'a, akwai wani abu da kan tayar wa mutane hankali bayan an cire musu haƙori, kuma ba kasafai ake yi musu bayaninsa tun da wuri ba. Mutum ya sha fama da ciwon haƙori, ya je an cire, zugi ya lafa, har ya fara mantawa. Sai bayan mako biyu ko uku, wani sa'in ma fiye, ya ji wani abu mai tsini yana sukar harshensa daga gurbin haƙorin. Ya ɗauki madubi, ya ga ɗan abu fari ya leƙo daga dasashi, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Daga nan sai zato ya yi yawa. Wani ya ce likita ne ya bar guntun haƙori, wani ya ce sabon haƙori ne ke tsirowa, wani kuwa har ya fara tunanin ko jifa aka yi masa. Galibi duk ba haka ba ne. Ɓarɓashin ƙashi ne jiki yake fitarwa.

Haƙori ba cikin nama yake zaune ba. Saiwarsa a kafe take cikin wani rami a ƙashin muƙamuƙi, dasashi kuwa rufi ne kawai a bisa. Bakin wannan rami ƙashi ne siriri ƙwarai. Duk wanda ya taɓa tumɓuke turke daga busasshiyar ƙasa ya san sai an jijjiga shi, kuma da wuya ya fito bakin ramin bai ɗan zube ba. To, haka abin yake. Garin jijjiga haƙori sai ɗan ƙashi ya ɓalle ya tsaya cikin rauni. Da ya rabu da uwar ƙashin, jini ya daina isa gare shi, sai ya mutu, jiki kuwa ba ya ajiye mataccen ƙashi. In ƙanƙane ne ainun yakan narkar da shi, in ya ɗan yi girma sai ya riƙa turo shi sannu a hankali har ya huda dasashi ya fito.

An fi ganin haka idan turmi aka cire, musamman na can ƙurya da kan fito tsakanin shekara 17 zuwa 25, ko haƙorin da ya ruɓe har ya karye wajen cirewa, ko kuma in an cire haƙora da yawa a zama ɗaya. Yakan faru ko a hannun ƙwararren likita, don haka kada a yi gaggawar ɗora masa laifi. Amma gaskiya ce wanda ya kai bakinsa ga masu cire haƙori a kasuwa, inda ƙarfi ake sa wa ba dabara ba, kuma ba a dafa kayan aiki, shi ya fi kusa da wannan matsala da ma wadda ta fi ta.

Abin da za a yi ba shi da wuya, haƙuri kawai yake so. A zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin kofin ruwan ɗumi, a riƙa kurkure baki a hankali sau uku ko huɗu a yini, musamman bayan cin abinci. A ci gaba da goge sauran haƙora, da buroshi ko asuwaki, amma a kauce wa gurbin. A koma tauna ta ɗaya ɓangaren, a ci mai laushi: kunu, fura, tuwo da miya mai yauƙi. Goro da rake da aya da ƙilishi su jira tukuna. In akwai zafi a sha farasitamol yadda aka tsara. Sau da yawa ɓarɓashin zai saki da kansa cikin 'yan kwanaki ko makonni, mutum ya tofar da shi ko ya haɗiye bai sani ba, kuma haɗiye irin wannan ɗan mitsitsin ba ya cutarwa.

Inda mutane ke jawo wa kansu shi ne wajen tono. Harshe ba ya barin wurin ya huta, daga nan sai a ɗauko tsinken sakace, ko allura, ko ashana, har da reza, wai a zaƙulo shi. Kada a yi, garin neman gira a rasa ido. Dalili kuwa, ba duk abin da ya leƙo fari ne ɓarɓashi ba. Wani gefen ƙashin muƙamuƙin ne kansa ya yi kaifi, yana nan haɗe da uwarsa, ko an kwana ana ja ba zai fito ba, sai dai a yayyaga naman da ke ƙoƙarin haɗewa a tura masa ƙwayoyin cuta. Wani kuma da gaske ragowar saiwar haƙori ce. Da ido a gaban madubi ba a bambance waɗannan, sai likitan haƙori ya duba, in ta kama ya ɗauki hoto. Haka nan a daina cusa kanwa ko garin taba ko ƙwayar asfirin a wurin. Asfirin na sha ne, in aka danna shi a dasashi ƙone naman yake yi. Ruwan batir kuwa, da ake jin wasu na ɗiga wa haƙori, guba ne.

Idan abin ya daɗe bai fito ba, ko yana yanka harshe, a koma wurin likitan haƙori. Aikin ƙanƙane ne. Ya kashe zafin wurin, ya sa ɗan hantsaki ya ɗauke, cikin 'yan mintoci an gama. In gefen ƙashi ne mai kaifi sai ya goge shi ya yi sumul, wani lokaci ya ɗinke. Mutane da yawa kan ƙi komawa don tsoron za a sake irin wahalar farko, alhali ko kusa ba ta kai ba.

Akwai kuma alamun da ba a jira da su ko na kwana ɗaya: zazzaɓi, kumburin da ke ƙaruwa a fuska ko ƙarƙashin haɓa, mugunya, jinin da ya ƙi tsayawa, leɓe ko haɓa ya mutu ba a jin taɓawa, ko baki ya ƙi buɗuwa. Wanda haɗiya ko numfashi ya fara yi wa wuya, a kai shi asibiti nan take, ko tsakar dare ne, domin kumburin da ya taso daga haƙoran ƙasa yana iya toshe maƙogwaro. Kada a tsaya sayen kafso a kemis a sha biyu a ajiye.

Kada kuma a haɗa ɓarɓashi da wata matsala ta daban da kan zo tun farko. Bayan an cire haƙori jini kan daskare cikin ramin, wannan gudan jinin shi ne murfin rauni. In ya fita, ƙashi ya zauna tsirara, sai zugi mai tsanani ya taso kwana biyu zuwa huɗu bayan cirewa, yana harbawa har kunne, baki na wari. Shi ya sa ake cewa a cikin awa 24 na farko kada a kurkure baki da ƙarfi, ko a alwala a bi a hankali, kada a yawaita tofi, kada a zuƙi lemo da tsinke, kada a sha taba. In gudan jinin ya fita, nan ma likita ke wanke ramin ya sa magani.

Masu ciwon sukari, da masu sikila, da mashaya taba, rauninsu ya fi jinkirin warkewa kuma ya fi saurin ruɓa. Wanda aka taɓa gasa wa ciwon daji a kai ko wuya, ko yake shan wasu magungunan ƙarfafa ƙashi, nasa ya fi haɗari, don ƙashin muƙamuƙinsa na iya mutuwa ya ƙi rufuwa. Duk ƙashin da ya zauna a buɗe har mako 8 ya wuce maganar ɓarɓashi, sai an kai ga ƙwararru irin na manyan asibitocin koyarwa.

Saboda haka, kai mai karatu, in za a cire maka haƙori, ka gaya wa likita duk cutar da kake da ita da duk maganin da kake sha tun kafin ya taɓa ka, kuma kada ka tashi sai ka tambaye shi ranar da za ka dawo ya duba wurin.