Yadda Mai Feshin Gona Zai Kiyaye Kansa Daga Sankarar Furostet

Furostet wata 'yar tsoka ce mai girman goro da Allah Ya halitta a ƙarƙashin mafitsarar namiji, kuma ko da yake tsufa da gado da zama baƙar fata su ne manyan sabubban sankararta, masana sun daɗe suna tuhumar sana'a. A Disamban 2021 hukumar Faransa ta sa wannan cuta cikin waɗanda ake biyan ma'aikatan gona diyyarsu, muddin sun shekara 10 suna mu'amala da maganin ƙwari, bayan musibar tsibiran Gwadalub da Martinik, inda aka yi ta zuba maganin kulodekon a gonakin ayaba daga 1972 zuwa 1993. Tuhumar ta shafi 'yan kwana-kwana da masu aikin dare, amma manominmu ya fi ba ni tausayi, domin ba mai sa masa ido.

Farkon abin da ya wajaba gare shi, ya karanta takardar jikin kwalba, ko ya sa a karanta masa, kada ya wuce ma'aunin da aka ƙayyade. Sa'an nan ya dubi famfonsa, domin famfo mai yoyo yini yake yana jiƙa bayan mai goyonsa, fata tana sha, shi kuwa yana zaton gumi ne. In zai dama, ya sa safar roba ya motsa da sanda, ya kuma sa riga mai dogon hannu da takalmin roba da takunkumi, ya fita da sanyin safiya, ya ba iska baya, ya haƙura da goro da taba har ya gama.

Da ya sauke famfo sai wanka da sabulu, tun kafin ya taɓa abinci. Tufafin a wanke su daban da na iyali, kwalbar kuma a ɗauraye ta sau 3 a huda, don kada a mai da ita mazubin mai.

Wanda ya kai shekara 45, musamman in mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar, ya je ga likita ya faɗa masa irin magungunan da ya fesa da tsawon shekarun da ya yi, ya nemi shawara a kan gwajin jini na PSA. Kada ya jira sai fitsari ya fara gardama, domin galibi wannan cuta ba ta nuna alama a farkonta.