Ba a Yanke wa Fansho Haraji, Amma Mai Fansho Ya San Sauran Kuɗinsa

Aikina lissafin haraji ne a nan Abuja. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar haraji ranar 26 ga Yuni, 2025, aka tsayar da 1 ga Janairu, 2026 don ta fara aiki, tambayar da iyayenmu masu ritaya suka fi yi mini ita ce: "Yanzu har ɗan fanshon nan ma za su riƙa gutsura?" Amsar ita ce a'a. Sai dai akwai sauran magana, kuma rashin saninta na jawo wa dattawa asara.

Dokar gyaran fansho ta 2014, a sashe na 10, ta kare kuɗin fansho daga haraji a wurare uku. Na farko, kashi 8 cikin 100 da ake cirewa daga albashin ma'aikaci ana fitar da shi ne kafin a lissafa harajin albashi, mai ɗaukar aiki kuma ya ƙara aƙalla kashi 10. Na biyu, ribar da kuɗin ke samu a hannun kamfanin da ke juya su ba a taɓa ta. Na uku, abin da za a biya mutum bayan ritaya, ko dunƙulen kuɗin farko ne, ko na wata-wata daga kamfanin fansho, ko wanda kamfanin inshora ke biya har ƙarshen rai, duk ba haraji a kansa. Haka abin yake ga 'yan tsohon tsari da hukumar PTAD ke biya. Sabuwar dokar ta 2025 ta bar wannan kariya yadda take, ta ambaci fansho da garatuti da sauran haƙƙoƙin ritaya da ake biya bisa dokar fansho.

Wani ɓangare na ruɗanin daga waje ya shigo. A Ingila ana ɗaukar fansho a matsayin kuɗin shiga, ana kuma yanke masa haraji idan ya wuce wani adadi. 'Ya'yanmu da ke can sukan turo wa iyaye bidiyon bayani a kan haka, hankalin tsoho ya tashi a banza. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Dokar Najeriya daban take.

Inda ake yawan tuntuɓe shi ne sauran kuɗin da mai ritaya ke samu. Mutanenmu da yawa suna barin aiki da gida a Kubwa ko Lugbe da suka zuba 'yan haya, ko shago a kasuwar Wuse, ko gonar kaji a Kuje, ko kuma a sake kiran su aikin kwantiragi. Waɗannan duka kuɗin shiga ne da doka ke neman a bayyana, ko mutum ya kai shekara 80.

Wani dattijo ya taɓa zuwa wurina riƙe da jakar leda cike da rasit, ya rubuta lissafinsa da biro a bayan ambulan. Ya haɗa fanshonsa da kuɗin hayar gidansa wuri guda, ya buga haraji a kan jimillar, abin ya hana shi barci. Na ce, "Baba, mu raba su gida biyu tukuna." Ga irin lissafin da sabon jadawali ke bayarwa, da adadi na misali. A ce fansho naira 150,000 ne a wata, wato miliyan 1.8 a shekara, haya kuma ta bar masa miliyan 2 bayan an cire kuɗin gyaran gida. Fansho a ajiye shi gefe. Daga miliyan 2 ɗin, naira 800,000 ta farko ba haraji. Ragowar miliyan 1.2 a kan kashi 15 cikin 100 ta ba da naira 180,000 a shekara. Da an cakuɗa da fansho, jimilla ta zama miliyan 3.8, wani ɓangare ya haura matakin kashi 18, harajin ya kai naira 474,000. Bambancin naira 294,000 ne, kusan fanshon wata biyu. Idan mai ritayar shi ma haya yake biya a inda yake zaune, doka ta yarda a rage masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar shekara daga abin da za a buga wa haraji, sai dai rangwamen ba ya wuce naira 500,000. Amma sai da rasit ko takardar yarjejeniya.

Wuri na biyu da ya kamata a kula shi ne ajiyar ganin dama da wasu ke ƙarawa a asusun fansho. Idan aka cire ta kafin ta cika shekara 5 da zubawa, ribar da ta samu za a yanke mata haraji. Na uku, wanda aka sallama daga aiki aka biya shi diyya: sabuwar doka ta yafe haraji har zuwa naira miliyan 50, abin da ya ɗara haka ne ake duba. Don haka ma'aikacin kamfani ya nemi a rubuta masa a takardar sallama nawa ne garatuti, nawa ne diyya, nawa ne ragowar albashi, domin hukuncinsu ba ɗaya ba ne.

Sai batun wa za a biya. Harajin mutum na bin inda yake zaune ne. Mazaunin Gwarimpa ko Nyanya ko Gwagwalada, hukumar tara haraji ta Babban Birnin Tarayya, FCT-IRS, ita ce tasa. Wanda ke kwana a Mararaba ko Masaka na jihar Nasarawa ne, na Suleja da Madalla kuma na jihar Neja, ko da ya yi shekara 35 yana aiki a sakatariyar tarayya. Ranar 31 ga Maris ce ƙarshen wa'adin bayyana kuɗin shigar shekarar da ta gabata. Wanda ya saba ofis na yi masa komai lokacin yana aiki, yanzu nauyin ya dawo kansa.

Abin da ya fi sosa mini rai shi ne 'yan damfara da ke kiran tsofaffi a waya, su ce sai an tura "kuɗin haraji" kafin a saki ariyas. Babu wannan a doka. Wanda ya ji irin wannan kira ya kashe wayar. Wanda kuma ya ga an rage masa wani abu da sunan haraji, ya nemi cikakken bayanin asusunsa a rubuce daga kamfanin fanshonsa, in bai gamsu ba ya kai ƙorafi hukumar PenCom.

'Yan'uwa matasa, a nan aikin ya rataya a wuyanmu. Mu zauna da Baba ko Hajiya, mu ware fansho a takarda ɗaya, haya da ciniki a wata, mu adana rasit. Wanda ya ƙarar da ƙarfinsa yana yi wa ƙasa hidima bai kamata ya biya ko kobo fiye da abin da doka ta ɗora masa ba, bai kuma kamata tara ta same shi a kan abin da ba a taɓa yi masa bayaninsa ba. Allah Ya sa iyayenmu su ci guminsu cikin lafiya da kwanciyar hankali.