Bayan Tiyatar Jijiyar Gwiwa

In an yi maka tiyatar jijiyar gwiwa, aikin farko shi ne ƙafar ta miƙe sarai. In za ka kwanta, sa matashi ƙarƙashin diddige. Bayan gwiwa ya fi daɗi, na sani, amma haka take sandarewa a lanƙwashe. Riƙa ɗaure tsokar cinya kana saki yadda likitan gashi ya nuna maka, kana ɗora ƙanƙara cikin tawul na minti 15 saboda kumburi.

Sallah a kujera tukuna, tsuguno a dakata. Ƙwallo kuwa sai bayan wata 9 aƙalla, ko da ciwon ya ɗauke, domin sabuwar jijiyar ba ta gama kamawa ba. In sharaɓa ta kumbura ko zazzaɓi ya taso, koma asibiti a ranar.