Amsoshin Tambayoyinku: Koyar da Siffar Ƙwayoyin Sinadarai

Tambayarmu ta fito daga wani malamin kemistiri a wata sakandare a Zariya. Yana cewa ɗalibansa suna haddace siffofin ƙwayoyin sinadarai amma ba sa fahimta, ko akwai manhajar da za ta taimaka?

To Malam, Allah ya ƙara basira. Babbar matsalar ita ce allo shimfiɗaɗɗe ne. In ka zana iskar metan, yaro zai ga kusurwa digiri 90, alhali ta gaskiya 109.5 ce. Ƙa'idar da masanan kemistiri Gillespie da Nyholm suka inganta a 1957 ta ce tagwayen ilektiron da ke kewaye da zarrar tsakiya suna ture juna, kowanne yana neman nisa da ɗan'uwansa. Shi ya sa iskar kabon dayoksaid ta miƙe sambal, digiri 180, shi kuwa ruwa ya lanƙwashe zuwa 104.5, domin oksijin ɗinsa yana da tagwaye biyu da ba su haɗu da kowa ba, kuma turinsu ya fi ƙarfi.

Akwai manhajar PhET ta Jami'ar Kolorado a Amurka. Kyauta ce, ana kuma iya sauke ta a yi aiki ba intanet. Ɗalibi zai juya ƙwayar da yatsa, ya ƙara tagwaye, ya ga kusurwa tana sauyawa a gabansa.

Sai dai Malam, kada su taɓa waya sai kowa ya fara ƙera hasashensa da yumɓu da tsinke. Daga nan su gwada da abin da manhajar ta nuna.