Kafin Babban Inji, A Duba Ƙashin Mota

A hutun bara na zauna a garejin kawuna a Dutsin-Ma. Wata rana wani direba daga Kurfi ya kawo tsohuwar Peugeot 504, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, yana son a sa mata inji mai ƙarfi. Kawu ya ce sai an ƙarfafa shasi tukuna, domin babban inji yana murɗa jikin mota. In tsatsa ta ci ƙarfen, yana iya tsagewa ana cikin gudu da fasinja.

Muka kankare tsatsa, ya yi waldar sabon ƙarfe a mazaunin inji da ƙarƙashin ƙofofi, ya sake birki. Ko a Amurka, masu tsohuwar Ford Mustang sukan haɗa ƙarfen gaba da na baya da sanduna kafin su ƙara mata ƙarfi.

'Yan'uwana ɗalibai, ba a ɗora bene kan ruɓaɓɓen harsashi.