Yadda Radar Ke Hango Hadari, Da Yadda Ake Karanta Taswirar Ruwan Sama A Waya A Yankin Yauri

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar hasashen yanayi a wayarsa ya ga taswirar nan mai launin shuɗi, kore, rawaya da ja da ke motsi a kan garuruwa. Yawanci ana kiranta taswirar radar. Ga matashin da ke zaune a Yauri, Warra ko Shanga, inda zuwa kasuwa ko gona kan buƙaci hawa jirgin ruwa, fahimtar wannan taswira na iya zama dalilin fasa tafiyar da bai kamata a yi ba. Wannan darasi zai bayyana yadda na'urar ke aiki, abin da masana suka gano da ita a Yamai, da abin da wayar mai karatu ke nuna masa a zahiri.

Yadda na'urar ke aiki

Radar ta yanayi faranti ne babba, kamar na dish, da ke juyawa a saman hasumiya. Tana harba igiyoyin rediyo a gajarce, sannan ta saurara. Idan igiyar ta ci karo da ɗigon ruwa ko ƙanƙara a cikin gajimare, wani ɓangarenta yakan dawo, kamar amsa-kuwwa a gindin dutse. Daga wannan amsa ake samun abubuwa uku.

Na farko nisa. Igiyar na gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya. Idan amsar ta dawo cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa, ta yi tafiyar kilomita 300 zuwa da dawowa, ke nan ruwan yana nisan kilomita 150.

Na biyu ƙarfin ruwan. Manyan ɗigo sun fi ƙanana mayar da amsa nesa ba kusa ba: ɗigon da ya ninka wani sau biyu a faɗi yana mayar da amsa mai ƙarfi ninki 64. Wannan ƙarfi ne ake mayarwa launi. A yawancin taswirori shuɗi da kore yayyafi ne, rawaya ruwa sosai, ja kuma ruwa kamar da bakin ƙwarya.

Na uku iska. Jiniyar motar asibiti takan yi kaifi idan tana tahowa, ta yi kauri idan ta wuce. Haka igiyar rediyo ke sauyawa idan ɗigon ruwa na matsowa ko yana nisa. Radar da ke auna wannan sauyi ita ake kira Doppler, kuma da ita ake sanin saurin iskar da ke cikin hadari.

Abin da aka gano a Yamai

Kogin da ya ratsa Yauri shi ne ya fara bi ta Yamai, babban birnin Nijar, kuma a can aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken hadarin wannan yanki. A daminar 2006, ƙarƙashin shirin nazarin damina na ƙasa da ƙasa mai suna AMMA, Dakta Earle Williams na jami'ar MIT ta Amurka ya jagoranci kafa radar Doppler a kusa da filin jirgin saman Yamai. Na'urar ta riƙa leƙa sararin sama duk bayan minti goma, dare da rana, ta kuma sake aiki a daminar 2007.

Masanan da suka yi nazarin bayananta, ciki har da Tom Rickenbach da Rosana Nieto Ferreira, sun nuna cewa mafi yawan ruwan da ya sauka ya zo ne daga 'yan tsirarun manyan hadura masu tafiya a jere. Irin wannan hadari dogon layi ne da kan kai ɗaruruwan kilomita, yana tafiya daga gabas zuwa yamma da gudun kusan kilomita 50 a awa. Da yawansu sukan haɗu da yamma a wajen duwatsun Azbin, su kwana suna tafiya, su isa Yamai cikin dare ko da asuba.

Radar ta kuma nuna yadda layin yake a tsare. A gaba akwai iska mai sanyi da ƙarfi, wadda a farkon damina kan taso da jar ƙura. Bayanta sai ruwa mai ƙarfi da tsawa na ɗan lokaci, sannan yayyafi da kan ɗauki awanni. Ga wanda ke kan tudu, ruwan ne abin gudu. Ga wanda ke tsakiyar Tafkin Kainji kuwa, iskar ce abin tsoro, domin ita ke riga ruwa isowa, kuma tafkin da ya haura kilomita 130 a tsawo yana ba ta filin tayar da igiyar ruwa. Jirgin da aka cika wa lodi ba ya da ƙarfin jure mata. Mutanen Ngaski ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Warra a ranar 26 ga Mayun 2021 ba, wanda hukumomi suka danganta da lodi fiye da kima.

Me ya sa radar ba ta ganin Yauri sosai?

Igiyar radar kusan a miƙe take tafiya, duniya kuma a lanƙwashe take. Don haka yadda igiyar ke ƙara nisa, haka take ƙara tashi sama da ƙasa. A nisan kilomita 300 ta riga ta haura kilomita biyar a sama, tana wuce ruwan da ke zuba a ƙarƙashinta.

Hukumar NiMet ta tsara kafa radar Doppler shida a Abuja, Legas, Fatakwal, Kano, Maiduguri da Yola. Mafi kusa da Yauri a cikinsu ita ce ta Abuja, mai nisan sama da kilomita 300 a miƙe, Yamai kuma ta kai kimanin 400. Abin da Yelwa ke da shi tashar auna yanayi ce ta ƙasa, mai auna ruwan da ya riga ya sauka.

Saboda haka launukan da waya ke nunawa a kan Yauri galibi daga ɗayan wurare biyu suke: lissafin kwamfuta na abin da ake zaton zai faru, ko hoton tauraron ɗan'adam. Taurarin Meteosat na Turai suna ɗaukar hoton Afirka duk bayan minti 10 zuwa 15, suna auna sanyin saman gajimare. Gajimaren da ya fi tsawo ya fi sanyi, kuma shi ne ya fi ɗauke da tsawa da iska.

Yadda ake dubawa kafin a hau ruwa

1. A buɗe manhaja irin su Windy ko Zoom Earth, a zaɓi sashen da aka rubuta Satellite. Sashen Radar na iya nuna sarari fes alhali hadari na tafe, saboda babu na'urar da ke kallon wurin.

2. A duba lokacin da aka ɗauki hoton. Yakan makara da 'yan mintuna, kuma idan netwok ya yi rauni waya na iya nuna tsohon hoto.

3. A kalli gabas, wajen Rijau, Zuru da Kontagora, ba saman garin da ake ciki kaɗai ba.

4. A kunna motsin hotunan awa ɗaya ko biyu da suka wuce, a ga inda dunƙulen gajimaren ya dosa da ko yana ƙara girma.

5. A yi lissafi. Kontagora na da nisan kusan kilomita 95 daga Yauri a miƙe. Layin hadari mai gudun kilomita 50 a awa zai ci wannan tazara cikin ƙasa da awa biyu, iskarsa kuma za ta riga shi.

6. Idan an fara ganin walƙiya, a ƙirga daƙiƙoƙi har a ji tsawa. Kowace daƙiƙa uku kilomita ɗaya ce. Wanda ya ji tsawa, aradu na iya kai masa, don haka wurinsa gaɓa ne.

Abin lura

Ƙaramin hadari na iya haɗuwa a saman tafki cikin rabin awa, kafin ya fito sarai a hoto. Tsofaffin masunta da matuƙan jirgi da ke cewa a ji tsoron hadarin gabas, da iskar sanyin da ke bugowa kwatsam, abin da radar Yamai ta auna suke faɗa. Idan waya ta ce lafiya amma gabas ta yi baƙi, a bi abin da ido ya gani: a jira a gaɓa, a rage lodi, kuma kada a shiga jirgi ba rigar kariya.